Kabarin Aro a Gefen Kanal

Motar da muka shigo daga kan iyaka a Ɗambatta ta sauke mu, alhali kuɗin Kano muka biya. Direban ya ce inji ya ɗauki zafi, mu sauka da kayanmu mu sha iska, yanzu zai je ya samo ruwa ya dawo. Muka sauka. Har yau da nake wannan rubutu yana can yana neman ruwan.

Mu uku ne, ko in ce huɗu. Ni Rahila, da ɗiyata Talatu wadda ba a daɗe da yaye ta ba, da uwar mijina da muke kira Inna, sai cikin da nake ɗauke da shi, wanda ya riga ya turo zane. Daga wani ƙauye muke a ƙasar Magarya, cikin Nijar. Mu Kirista ne, 'yan gidaje kaɗan a garinmu da 'yar majami'armu ta ƙasa, inda aka koya mini karatu da rubutu daidai gwargwado. Mijina Ayuba, da nake ce wa Baban Talatu, ya riga mu zuwa Bunkure tun bayan girbi, yana ƙodago a gonakin rani. Shi ya aiko mu taho, don damina ba ta yi mana kyau ba. Inna ta ce ba za ta bar ni in haihu a hannun baƙi ba, ita za ta bi ni ta yi mini wankan jego.

Ya kamata in faɗi irin halina tun yanzu. Ni mace ce mai tsoro. In Talatu ta yi tari sau ɗaya, ni na riga na ga likkafani. Asalin abin kuwa, ina yarinya uwata ta rasu a kan gwiwa, aka binne ta a bayan majami'armu inda ake kwantar da mutanenmu, kowa kusa da danginsa. Tun daga ranar ban sake kallon gawa ba. In aka yi rasuwa a gari, sai in tsiri zuwa itace. Kuma na sa wa raina wani abu da ban taɓa tambayar kowa ba: cewa ranar da Yesu zai dawo ya ta da matattu, mutanenmu za su tashi tare a bayan majami'a, su ga juna, su gane juna. Wanda ya mutu a wata ƙasa fa? Shi kaɗai, cikin mutanen da ba su san sunansa ba? Wannan tunani na ɗauko a kaina daga gida, ya fi mini ƙunshin kayana nauyi. Ina ji a jikina wannan haihuwar ce za ta tafi da ni, kuma a ƙasar wasu.

A Ɗambatta, muna zaune ƙarƙashin wata rumfa, Inna ta kwance ƙunshinta tana neman ƙuli-ƙulin da za ta ba Talatu. Sai na hango zanen zumuntar matan majami'a, sabo fil, a ninke, da farin kallabi a kansa. A wurinmu da shi ake yi wa mace sutura in ta rasu. 

Na ce, "Inna, wannan kuma na mene ne?"

Ta ce, "Na tafiya ne."

"Ai da ma tafiyar muke yi."

"Wannan ta mota ce. Akwai wadda ba a sauke mutum a Ɗambatta." Ta yi dariya har da tari, ta ɗaure ƙunshinta.

Ni ban ga abin dariya ba. Na ce ta daina irin wannan magana, ga ni da ciki. Ta dube ni ta ce, "Rahila, mutuwa rigar kowa ce. Ni dai na fi so in zaɓi zanen da zan ɗaura a kanta."

Wata mai sayar da fura da ke kusa da mu ce ta ji labarin direban. Ta zage shi tas, shi da motarsa da wanda ya koya masa tuƙi, sannan ta dama wa Talatu fura ta ƙi karɓar komai. Ita ta haɗa mu da wani ɗan ƙaninta mai bas, ya yarda ya kai mu Kano da ɗan abin da ya rage a bakin zanen Inna.

Kano ta ruɗa ni. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kuma babu mai kallon wani. Layin wayarmu na Nijar ya ɗauke, ba halin kiran Baban Talatu. Na riƙe hannun Talatu har sai da ta yi kuka. Duk wanda muka tambaya hanyar Bunkure, sai ya fara dariyar Hausarmu tukuna. Wani dattijo da ke ɗaure kwandunan tumatir, fanko, a bayan a-kori-kura ya ji bakinmu ya ce, "Kai! Damagarawa a Kano? Yau bayina sun zo gaishe ni."

Na ji tsoro. Inna kuwa ko gezau. Ta ce, "Bakano, gyara bakinka. Iyayen gidanka ne suka zo duba ko kana aiki."

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya. Ashe wasa ne da ke tsakanin Kanawa da mutanen ƙasarmu tun kaka da kakanni, ni ce ban sani ba. Ya ce Kura ya nufa, ya sa Inna a gaba, ni da Talatu muka zauna a tsakiyar kwanduna. Warin ruɓaɓɓen tumatir ya tayar mini da zuciya, amma ban taɓa jin daɗin mota kamar wannan ba.

Da muka doshi Kura sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Rani ne tsantsa, a garinmu ko ciyawa ɗaya ba ta rage ba, amma nan ko'ina kore shar. Shinkafa, albasa, tumatir, masara, kuma ruwa na tafiya a cikin dogon kwalbatin siminti da suke kira kanal, kamar kogin da aka ja wa layi. Wata da ta ga haka sai ta ce alhamdu lillahi. Ni abin da na fara gani shi ne zurfin ruwan da tsawon Talatu.

Mai a-kori-kurar ya ara mana wayarsa, Baban Talatu ya zo da adaidaita ya kwashe mu zuwa ƙauyen da yake zaune, a ƙasar Bunkure. Ɗaki biyu aka ba shi a bayan gidan Malam Sabo, manomin da yake yi wa aiki. Malam Sabo mutum ne mai ƙarancin magana. Matarsa, Yaya Hadiza, ita ta kwashe maganar gidan duka. Ranar da muka sauka ta leƙo da kwanon tuwon shinkafa ta ce, "Ina Badamagariyar? Au, wannan ce? Ke wannan idon naki kamar an biyo ki. Ci abinci, nan ba a cin mutane sai da yaji."

Ita ta koya mini turara shinkafa. A jiƙa ta, a zuba a cikin rabin duro, a hura wuta har tururi ya ratsa ta, a baje a kan tamfol ta bushe, sannan a kai injin casa. Aiki ne na hayaƙi da zafi, amma yana kawo na cefane. Inna kuma ta samu nata: yankan tumatir ana shanyawa don kauɗa. Ran Lahadi muna zuwa Kura, inda wasu 'yan'uwa kaɗan ke taruwa sujada a wani ɗaki, yawancinsu baƙi ne irinmu. Babbansu shi ne Baba Yohanna, wani dattijo daga kudancin Kaduna mai gyaran injin casa, wanda baƙin mai ba ya barin faratansa ko ran Lahadi.

Ba wanda ya taɓa tsangwamarmu a ƙauyen. An san mu Kirista ne, yara kan leƙo in muna waƙa, shi ke nan. Amma ni idona na kan wani abu dabam. Na lura a wannan ƙasa ko ramin tukunya ka tona, ƙasar da danshi take. Na lura maƙabartar garin tana can kan wani tudu, ta Musulmi ce. Na tambayi Baba Yohanna, in ɗayanmu ya rasu ina ake kai shi. Ya ce yawanci garinsu ake mayar da shi, wanda ba hali kuma sai a nufi birni. Garinmu kuwa, ga iyaka, ga nisa, ga zafin bazara ya fara.

Daga nan na tasa Baban Talatu a gaba. Kullum maganata ɗaya: ya mayar da ni gida kafin haihuwa. Ya ce, "Rahila, gidan me za ki ci? Kuma da wannan cikin za ki sake bin hanyar nan? Nan ga asibiti kusa." Na ce ni dai a mayar da ni. Har ya kai in na buɗe baki sai ya ɗauki fartanya ya fita.

Wata rana da la'asar ina tsefe wa Inna kai, ta ce, "Faɗa mini gaskiya. Haihuwar kike tsoro ko me?"

Ban san lokacin da na faɗa mata duka ba, har da maganar bayan majami'a. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Wato ke a ganinki, in Yesu ya dawo, sai ya tsaya a tasha yana tambayar hanyar Bunkure?"

"Inna, ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi mana. Wanda ya shiga kabari ya san hanyar fita, ƙauyen Malam Sabo ne zai ɓace masa? Ke da ba ki san gabas ba kin zo, da kwandunan tumatir."

Na yi dariya, amma dariyar baki ce. Magana ba ta cire tsoro. Ko ta shiga kunne, ba ta kai inda yake kwance.

Sauron shinkafa ba irin na garinmu ba ne. Ni na yi ta lulluɓe Talatu da gidan sauro, ina tsoron kaina, ina tsoron ɗiyata, ban taɓa kawo Inna a raina ba. Ita zazzaɓin ya kama. Muka kai ta asibiti a Kura, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, ta farfaɗo har ta koma yankan tumatir. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da ƙarfi. Muka sake komawa, suka yi iya yinsu, ita da kanta ta ce a mayar da ita ɗaki, ta gaji da ƙarfen gado.

Ranar da ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta sa na kira mata ɗanta. Ta ce, "Ayuba, ka ji ni da kyau. Kada ka ɗora ni a mota. Ba gida ba, ba birni ba. Inda na faɗi, nan ne. Ka roƙi mutanen nan ɗan wuri."

Ya ce, "Inna, kusa da Baba fa?"

Ta ce, "Ubanka ba ya ɓata. Mun yi alkawarin inda za mu haɗu, kuma ba bayan majami'a ba ne." Sannan ta juyo gare ni. "Ke kuma, ke za ki ɗaura mini zanen. Kada ki gudu itace, nan babu daji."

Ashe duk shekarun nan ta san inda nake zuwa.

Washegari da hantsi ta cika. Ina tsakar gida ina juya shinkafa a kan tamfol, na ji Baban Talatu ya kira ni da wata murya. Na yar da muciyar, amma ƙafata ta ƙi shiga ɗakin.

Duk da maganar da ta bari, da farko Baban Talatu ya tashi neman mota. Baba Yohanna, wanda aka kira ya zo a kan babur, shi ya riƙe shi. Ya ce, "Ɗana, dubi rana. Kafin ka kai iyaka, abin da za ka sauke ba za ka so ka gani ba. Kuma ta faɗa maka da bakinta." Suka je wurin Malam Sabo. Malam Sabo ya saurara, ya sa hularsa, ya tafi wurin mai unguwa. Da ya dawo ya ce akwai wata kusurwa a ƙarshen gonarsa, wajen wata bishiyar ɗorawa, a je a tona.

Maza suka tafi da magirbi da shebur. Aka bar ni da ɗakin.

Ina tsaye a bakin ƙofa, sai ga Yaya Hadiza da bokitin ruwan ɗumi da sabulu. Yau babu wasa a bakinta. Ta ce, "Rahila, mace ba ta yi wa gawa wanka ita kaɗai. Ban san yadda kuke yi ba. Ki nuna mini, in kama miki."

Na ce, "Yaya, ni ma ban sani ba. Ban taɓa tsayawa ba."

Ta dube ni, ta dubi cikina. Ta ce, "An ce mai ciki ba ta kallon gawa. In kina so, ki tsaya a nan, ki riƙa faɗa mini abin da za a ce, ni in yi."

Ga hanyar gudu an buɗe mini, har da dalili mai kyau. Na tsaya ina kallon labulen. Abin da ya shigar da ni ba ƙarfin hali ba ne. Kunya ce. Matar da ta baro garinta da tsufanta don ta yi mini wanka, a ce ni na kasa yi mata sau ɗaya?

Na ɗaga labule na shiga.

Ban san abin da nake zaton zan gani ba duk shekarun nan. Wani abu baƙi, mai ban tsoro, wanda ba mutum ba. Abin da na tarar Inna ce. Kitson da na yi mata yana nan, har da layin da na karkace ta yi ta mita. Ƙasan faratanta ja da tumatir. Bakinta ya ɗan ja gefe, kamar yadda take yi in tana shirin tsokanar mutum. Na taɓa goshinta, da sauran ɗumi kaɗan. Na ce, "Inna, ga ni. Ban gudu ba."

Muka yi mata wanka. Yaya Hadiza na zuba ruwa, ni ina cuɗawa a hankali, tana gyara mini inda ban iya ba: a rufe nan, a juya ta haka, a tallafi kai. Tana addu'arta ƙasa-ƙasa, ni ina tawa. Ina wanke hannuwan nan sai wani tunani ya zo mini, a sarari, kamar an ajiye mini shi a gaba. Wannan hannun ni kaina na san shi cikin dubu, ni da na zauna da ita 'yan shekaru. To, wanda ya yi hannun fa? Wanda ya ƙirga yatsun tun tana cikin uwarta? Shi ne zai manta inda aka ajiye shi? Kuma shi ma Yesu an taɓa yi masa haka. Hannuwan mutane sun ɗauke shi, sun naɗe shi, sun kwantar, suna kuka kamar yadda nake yi. Bai zauna a kabarin ba.

Na ɗaura mata zanen zumunta, na ɗaura farin kallabi yadda take so, kunne ɗaya a waje. Yaya Hadiza ta ja baya ta ce, "Kai, Badamagariya ta yi kyau. Kamar mai zuwa biki."

Na ce, "Can za ta."

Muna gamawa sai ga Baban Talatu ya dawo, laka har gwiwa, idonsa ja. Ya ce ramin ya yi ruwa. Tun ba su kai ƙugu ba ruwa ya fara tsattsafowa, suna kwashewa yana dawowa. Sama kaɗan, dab da gindin ɗorawar, ƙasar busasshiya ce, amma ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonakin layin ta nan gefen ta bi, kuma yau ne ranar ruwansu. A nan ruwa bi-da-bi ne. In ranar layinku ta wuce, sai ta sake zagayowa, ga zafi yana ƙona shuka. In aka buɗe ƙofar ruwan da azahar, sabon ramin ma zai jiƙe kafin a gama.

Na ɗauki mayafina na bi shi. Yaya Hadiza ta ce ina za ni da wannan ciki, na ce zan je in gani.

Na tarar da manoman layin a tsaye bakin magudanar ana ta magana. Wani mai tumatir a ƙarshen layi yana cewa shi fa shukarsa ta fara yaushi, in bai sha yau ba ya yi asara, kuma ba a taɓa tsayar da ruwa don baƙo ba. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Iyalinsa zai ciyar. Na wuce su na leƙa ramin farko. Ruwa ne ja a kwance, ga sararin sama a cikinsa, ga kaina na leƙo. Wannan shi ne abin da na yi ta gani a mafarki tun zuwana. Na jira zuciyata ta tsinke. Ta buga, ta buga, ta koma daidai. Rami ne da ruwa a ciki. Ba don Inna muke gudunsa ba, don ita ko a tsakiyar kanal aka sa ta, za a same ta. Don mu ne, mu da za mu sauke ta da hannu.

Malam Sabo ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce, "Ni ne a farkon layi, shinkafata ta fi ta kowa ƙishi. Matar nan a gidana ta kwana, a gidana ta cika. Baƙon gidana kuwa ba baƙo ba ne. A bar ƙofar a rufe har a gama. In an buɗe, ku na ƙasa ku fara sha, ni na haƙura da nawa sai wani zagayen."

Mai tumatir ya sunkuyar da kai. Can ya tuɓe rigarsa, ya karɓi magirbi daga hannun Baban Talatu ya ce, "Kawo, ɗan Nijar. Ku da ƙasarku yashi ce, ina kuka iya tonon laka?"

Kafin la'asar an gama. 'Yan'uwa daga Kura suka zo, ba su da yawa. Muka ɗauko Inna. Mutanen ƙauyen suka tsaya daga ɗan nesa cikin ladabi, wasu a kan gaɓar kanal. Baba Yohanna ya yi addu'a, ya yi gajeriyar magana, muka yi waƙar da take so. A gida ita ke buga tulu in mata na waƙa. Nan babu tulu, sai na jawo wata jarkar ruwa da masu tono suka bari, na zauna a kan kunyar gona na riƙa buga ta. Na yi kuka sosai, kada wani ya ce ban yi ba. Amma ina kuka ina kallon ramin har aka rufe, ban kau da kai ba.

Da aka watse, Malam Sabo ya matso ya yi mana gaisuwa. Ya ce wa Baban Talatu, "Wurin nan ba haya ba ne, ba jingina ba. Na ba ku har abada. Ko bayan raina ba mai sa garma a nan."

Ban saba sa baki in maza na magana ba. Amma na ji kaina na ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Sai dai ba har abada ba ne. Aro ne."

Ya juyo. "Aro kuma?"

"Ubangijinmu ma a kabarin wani aka sa shi, bai daɗe ba ya mayar wa mai shi abinsa. Ita ma in ya kira ta, za ta tashi ta bar maka gonarka."

Baba Yohanna ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Malam Sabo ya yi murmushi, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Tashi kam za a tashi, mu ma mun yi imani da wannan. Ranar kuwa ba na jin zan tambayi gona."

Muna juyawa muka ji an buɗe ƙofar ruwa. Ya taho a guje cikin magudanar, ya wuce shinkafar Malam Sabo bai tsaya ba.

Bayan an share makoki, Baban Talatu ya same ni ina wanke duro. Ya ce, "Rahila, na yi tunani. Yanzu ba mai yi miki wanka a nan. Kin daɗe kina roƙona, na ƙi. Ki shirya, zan kai ki gida da kaina."

Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan. Na ajiye soso na ce, "Ba ni zuwa."

"Ba ke ce kika hana ni barci ba?"

"Ni ce. A lokacin ina neman wurin mutuwa ne. Yanzu wurin haihuwa nake nema, kuma asibitin nan ya fi kusa."

Yaya Hadiza, wadda kunnenta ke jin abin da ake faɗa ko a ƙauye na gaba, ta ɗago murya ta bayan danga: "Wa ya ce ba mai yi mata wanka? Ni na mutu ne? Sai na gasa ta da ruwan zafi har ta manta hanyar Damagaram!"

Naƙuda ta zo mini da rana tsaka, ina shanya. Aka kira adaidaita, Yaya Hadiza ta riƙe ni a baya, Baban Talatu ya maƙale kusa da direba. Hanyar ta gaɓar kanal take bi, kuma daga nan ana hango ɗorawar. Ciwo ya ɗan lafa, na taɓa kafaɗarsa na ce, "Baban Talatu, in abin ya zo da ƙarar kwana, kada ka wahalar da kanka da mota. Akwai sauran wuri gefen Inna. Ka roƙi Malam ya ƙara mana aro."

Ya juyo a firgice. Ni kuwa yadda zan ce masa ya sayo gishiri haka na faɗa. Ina so in rayu, ina so ƙwarai, ga Talatu, ga wanda ke tafe. Amma tsoron da ya saba kama ni na laluba ban same shi ba.

Yaya Hadiza ta dungure mini kai. "Ke! Gonar mijina za ku cinye da kaburbura? To ba a bayarwa. Ki je ki yi nishi ki haifo mana bawa, Kanawa na jira."

Na yi dariya, ciwon ya dawo a tsakiyar dariyar. Haihuwar ta yi wuya, na zubar da jini har aka yi ta kai da kawowa a kaina. Ina jin su sama-sama. Na ce a raina, Yesu, ko nan ko can, hannunka ne. Da magariba na ji kukan yaro.

Har yanzu muna nan ƙasar Bunkure. Kada a ɗauka na zama jaruma. In Talatu ta doshi kanal, ana jin ihuna har Kura, kuma ƙaninta in ya yi atishawa sai na kwana ina taɓa goshinsa. Wannan halina ne, da shi za a ta da ni.

Ranar suna, Malam Sabo ya zo ƙofar ɗaki yi mini barka. Ya tsaya daga waje, ya yi wa yaron addu'a, sannan ya gyara murya ya ce, "Na ji an ce kin aiko neman ƙarin aro. Har yanzu ana bukata?"

Na gyara wa yaron kwanciya a cinyata na ce, "A'a, Malam. Ba bana ba. Ka shuka albasarka."